Karin kumallon 'yan sakandare ya koma bakin ƙofar makaranta

A gidaje da dama na manyan garuruwanmu, Kano ko Kaduna ko Zariya ko Sakkwato, yaron da ya shiga sakandare ya daina karyawa a gida. Abin da aka saba yanzu shi ne a miƙa masa kuɗin tara, ya rataya jaka ya fita da cikinsa wayam, domin ya riski makaranta kafin a rufe ƙofa. Sai wajen ƙarfe goma, bayan ya kwashe darasi uku ko huɗu da yunwa, sannan zai sa wani abu a bakinsa, kuma abin da zai ci ɗin shi da mai tebur na bakin ƙofa ne za su yanke hukuncinsa, babu uwa babu malami a tsakani. Mai tebur kuwa abin da ba ya lalacewa yake kasawa: biskit, cincin, alewa, fanke, lemun kwalba da lemun leda mai launi. A ganina wannan sauyin ya fi duk wata muhawara ta likitoci a kan karin kumallo muhimmanci, domin abinci na farko a yinin matashi ya fita daga hannun masu ƙaunarsa ya faɗa hannun kasuwa, ba tare da wata hukuma ta ɗauki nauyin duba abin da ake sayar masa ba.

Na san amsar da za a fara ba ni. Za a ce wace ƙiba ake magana a ƙasar da yara ke kwana da yunwa, kuma mai wannan magana yana da hujja a hannunsa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Amma wannan binciken dai shi ne ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na matan ƙasar masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, yayin da kashi 58 cikin 100 ke fama da ƙarancin jini. Ma'ana, ana iya samun gida ɗaya da uwa mai teɓa, ƙaramin yaro tsumburarre, da budurwa mai cikar jiki wadda jininta bai kai ba. Masana lafiya sun daɗe suna kiran wannan yanayi nauyi biyu a kan al'umma ɗaya, kuma duk wanda ya zauna a ɗakin jiran asibitin gwamnati na awa biyu ya gan shi da idonsa.

A duniya baki ɗaya alƙaluman sun riga sun juya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 ne na yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 ke da nauyin da ya wuce kima, amma zuwa 2022 sun kai kashi 20, wato fiye da miliyan 390, daga cikinsu kimanin miliyan 160 ƙibarsu ta kai matakin cuta. A watan Satumba na 2025 Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton cewa a karon farko masu ƙiba a wannan rukunin shekaru sun fi masu rama yawa a duniya, in ban da yankuna biyu, Kudancin Asiya da Afirka kudu da Sahara. Mu muna cikin biyun da aka ware. Wasu za su karanta wannan a matsayin albishir, ni kuwa ina karanta shi a matsayin sauran lokacin da ya rage mana, domin ƙasashen da ke kuka yanzu, irin su Meziko da Masar da Afirka ta Kudu, su ma sun taɓa ɗaukar ƙiba matsalar Turawa da 'ya'yan masu kuɗi.

Akwai ma dalilin da ya sa ya kamata al'ummar da ta sha yunwa ta fi kowa tsoron wannan abu. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, an yi matsananciyar yunwa a yammacin ƙasar Holan. Bayan shekaru masu bincike suka duba bayanan samari kimanin 300,000 da aka auna suna shekara 19 lokacin ɗaukar soja, suka tarar cewa waɗanda iyayensu mata suka sha yunwar a farkon watannin cikinsu sun fi sauran yawan ƙiba. Daga baya likitan nan ɗan Ingila David Barker ya nuna alaƙa tsakanin haihuwar jariri da ƙarancin nauyi da kamuwa da ciwon zuciya da ciwon sukari a girma. Bayanin da ake yi shi ne jikin da ya tashi cikin rashi yakan koyi tattali, ya riƙa ajiye duk abin da ya samu, saboda haka idan daga baya aka cika shi da sukari da mai sai ya fi jikin da ya tashi cikin wadata saurin lalacewa. Idan haka ne, yaron da ya tsumbure a ƙauye yana shekara biyu, sannan iyayensa suka dawo birni ya tashi a kan lemun kwalba da soyayyen fulawa yana shekara goma sha biyar, shi ne ya fi kowa shiga haɗari. Irin waɗannan yara kuwa ba su ƙirguwa a Arewa.

Game da karin kumallo kansa, ya kamata a faɗi gaskiyar abin da bincike ya gano, domin ana yawan zuzuta shi fiye da kima. Nazarce-nazarce masu yawa a ƙasashe daban-daban sun tarar cewa matasan da ba sa karyawa sun fi masu karyawa yawan ƙiba. Sai dai ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. A 2019 masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya suka tattara gwaje-gwaje 13 da aka yi a kan manya, inda aka raba mutane gida biyu, masu karyawa da marasa karyawa, suka tarar cewa karyawa ba ta rage nauyi ba, hasali ma masu karyawa sun fi cin abinci da kimanin kalori 260 a yini. Don haka ba na cikin masu cewa da zarar yaro ya sa wani abu a ciki da safe an raba shi da teɓa. Yaron da ya karya da shayi mai cokali huɗu na sukari da rabin biredi fari bai tsira daga komai ba.

Abin da rashin karyawa ke nunawa shi ne yinin matashi ya hargitse tun daga darensa. Yaron da ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana latsa waya, aka tashe shi sallar asuba da ƙyar ya koma ya kwanta, ya farka a makare, ba zai ji sha'awar abinci ba ko an ajiye masa. Likitocin barci suna cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma an san cewa ƙarancin barci yana ƙara jin yunwa da kwaɗayin kayan zaƙi. Wannan yaron zai isa lokacin tara yunwa ta ci shi, kuma mai jin irin wannan yunwa ba ya neman abin da zai gina masa jiki, yana neman abin da zai kashe ta nan take a kan kuɗin da ke aljihunsa. Sukari da fulawa suna yin wannan aiki cikin minti kaɗan, sannan su sake shi kafin a tashi. Ya dawo gida ya ci abincin rana a gurguje ya wuce Islamiyya, a can ma akwai masu tebur. Da daddare kuma, lokacin da jiki ya fi ƙarancin buƙata, sannan zai zauna wajen mai shayi a soya masa indomi biyu da ƙwai, ya kora da lemu mai sanyi. Mafi nauyin abincinsa ya koma ƙarshen yini, mafi ƙarancin amfaninsa ya koma farkonsa.

Abin takaicin shi ne karin kumallon da muka gada ya fi wannan nesa ba kusa ba, kuma ba sai an kawo masani daga waje ya gaya mana ba. Koko da ƙosai haɗi ne na gero da wake, hatsi da abin gina jiki a kwano ɗaya. Kunun gyaɗa yana riƙe ciki har azahar. Ɗumamen tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa, wanda 'yan birni suka fara jin kunyar a ce shi suka karya da shi, ya fi biredi da shayi daɗewa a ciki, kuma ba ya buƙatar a sayi komai sabo. Ga ɗanwake, ga alale, ga fura da nono, ga kwaɗon zogale da ƙuli. Gero da dawa da ba a cire musu dusa duka ba suna narkewa a hankali, shi ya sa manomi ke shan fura ya yi noma har rana ta take. Amma kada mu yaudari kanmu cewa duk abin da aka dafa a tukunyar gargajiya lafiyayye ne. Kokon da aka zuba wa sukari har ya koma kamar zuma, da zoɓon da zaƙinsa ya fi na lemun kamfani, da awarar da aka soya a man da ya kwana uku ana maimaita shi har ya yi baƙi, duk sun bar hanyar da kakanninmu suka bi. Su sun sha kunun tsamiya da ɗan zaƙi kaɗan ko babu, kuma sun taka da ƙafa zuwa gona da kasuwa.

Ba na ɗora wa iyaye mata laifin wannan sauyi, ko da yake su ake fara nunawa da yatsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 farashin komai ya tashi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Iskar gas ta yi tsada, gawayi ya yi tsada, wake ya yi tsada, ƙwai ya zama abin marmari a gidaje da yawa. Uwar da ita ma za ta fita aiki ko kasuwa da sassafe, tana da 'ya'ya biyar da za a shirya, idan ta lissafa kuɗin hura wuta da na ƙullun koko sai ta ga miƙa wa kowa kuɗin tara ya fi mata sauƙi. Wannan lissafi ne na mai hankali. Matsalar tana wajen abin da kuɗin ke iya saye idan yaron ya isa makaranta, domin a kasuwar yau abu mafi araha da ke cika ciki shi ne wanda aka yi da fulawa da sukari da mai. Talaka ba ya sayen teɓa da gangan, ita ce ake sayar masa a farashin da yake iya biya.

Sukarin da ke cikin abin sha ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane da yawa ba su ɗauke shi abinci ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, in da hali ma a tsaya ƙasa da kashi 5, wato kimanin giram 25 ko ƙaramin cokali shida. Robar lemu mai gas mai rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50. Yaron da ya sha roba ɗaya a lokacin tara ya ninka wancan ƙaramin ma'auni kafin azahar, kuma cikinsa ba zai gaya masa ya ci komai ba, domin abin sha ba ya ƙosarwa kamar abin taunawa. Mu kuma mun mayar da lemu alamar karamci: da shi ake tarbar baƙo, da shi ake yi wa yaro tukwici idan ya ci jarrabawa, shi ake rabawa a walimar saukar Alƙur'ani.

Sha'anin 'yan mata ya fi rikitarwa, kuma a nan ne al'adarmu ke da hannu dumu-dumu. Har yanzu idan aka ga yarinya ta ciko sai a ce ta yi kyau, hutu ya karɓe ta, idan kuma siririya ce sai a tambayi uwarta ko ba ta ba ta abinci. Wannan ya sa wasu 'yan mata, musamman masu shirin aure, suke zuwa kemis su sayi ƙwayoyin sa ƙiba ba tare da takardar likita ba. Daga cikin abin da ake sha akwai maganin da asalinsa na ƙaiƙayi da mura ne amma yana buɗe ciki, akwai kuma dexamethasone, wanda cikar da yake kawowa kumburi ne da tara kitse a fuska da ciki, kuma shan sa na tsawon lokaci yana hawar da sukarin jini, yana hawar da jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. A ɗaya gefen kuma ga wasu 'yan matan da hotunan Instagram da TikTok suka sa suna ƙin karyawa da gangan don su rame, su wuni da yunwa sannan su rama da daddare. Duka biyun suna cutar da jiki ɗaya ne saboda idon mutane. Sannan yarinyar da ta balaga a garuruwanmu kusan an rufe mata duk ƙofar motsa jiki. Namiji yana da ƙwallon unguwa da yamma, ita kuwa daga gida sai adaidaita sahu sai aji. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun motsa jikin awa ɗaya a yini da ake so, maza kuwa kashi 78. Makarantun kuɗi da yawa a biranenmu gidajen haya ne da aka yanka ɗakuna, babu filin da za a yi ko guje-guje, kuma hukumomin da ke ba su lasisi sun san da haka.

A ganina makaranta ce wurin da gyara zai fi yiwuwa, domin gwamnati ba ta iya shiga kowane madafi amma tana da iko a kan kowace ƙofar makaranta. Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka fara a 2016 ya tsaya ne a kan 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, a kan naira 70 kowane kwano a farkonsa, kuma an dakatar da shi a Janairun 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Ko a lokacin da yake tafiya bai taɓa kaiwa ga ɗan sakandaren jeka-ka-dawo ba, alhali shekarun balaga su ne lokaci na biyu da jikin mutum ke girma da sauri bayan jarirantaka, kuma a cikinsu ne yarinya ke fara rasa jini duk wata. Ban ce jihohi su ciyar da kowane ɗan sakandare kyauta ba, na san aljihunsu. Abin da nake cewa ba ya cin kuɗi sosai: ma'aikatar ilimi ta jiha ta fitar da ƙa'idar abin da za a iya sayarwa a cikin makaranta da bakin ƙofarta, a hana lemu mai gas da na leda a harabar, a ba matan unguwa masu koko da ƙosai da alale da ɗanwake da dafaffen ƙwai da gyaɗa rumfa mai tsabta a ciki, jami'in duba-gari ya riƙa leƙa man suyarsu da ruwansu, a kuma tabbatar akwai ruwan sha kyauta. Kuɗin tarar da ke tafiya kamfanonin biskit zai koma hannun matan da suke sayen gero da wake daga manomanmu. Ƙasar Chile ta yi abin da ya fi wannan tsauri tun 2016, inda ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a kan duk abincin da sukari ko gishiri ko kitsensa ya yi yawa, ta kuma hana sayar da irinsa a makarantu.

Wani abu kuma da shugaban makaranta zai iya yi gobe ba tare da jiran kowa ba shi ne matso da lokacin tara, ko ware minti goma sha biyar bayan taron safe domin wanda bai karya ba ya karya. Malaman da ke koyar da darasin farko sun fi kowa sanin yawan kawunan da ke kife a kan benci. Iyaye kuma, ko ba su iya hura wuta da safe ba, suna iya karɓe waya da ƙarfe goma na dare, suna iya ajiye ragowar tuwo, suna iya tambayar yaro me ya saya da kuɗin da aka ba shi. Malamanmu na addini suna da nassi a hannu, ayar da ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna, da hadisin da ya raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, sai dai an fi jin su a wa'azin azumi, ba a cika jin an ɗora su a kan lemun da ake rabawa a harabar Islamiyya ba. Sai dai duk wanda zai yi wa matashi magana a kan jikinsa ya yi ta da hankali. Yaron da ake kira lukuti a aji ba ya ramewa saboda gori, yakan daina fita wasa ne ya koma ci a ɓoye.

Saura batun haraji. Dokar kuɗi ta 2021 ta sanya naira 10 a kan kowace lita ta lemu mai sukari, aka fara karɓa a 2022. Wannan naira 5 ke nan a kan robar rabin lita da yanzu ake sayarwa ɗaruruwan naira, adadin da babu yaron da zai fasa saye saboda shi. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin a ga sauyi sosai a yawan sha. Birtaniya, wadda ta fara nata a Afrilun 2018, ta ɗaura harajin ne a kan yawan sukarin da ke cikin kwalba, sai kamfanoni da dama suka rage sukarin da kansu don su kauce wa biya. Wannan tsarin ya fi dacewa da mu a lokacin da mutane ke kukan tsada, domin yana matsa wa mai sarrafawa kafin ya taɓa mai saye. Kuma idan Majalisar Tarayya za ta sake duba dokar, ya kamata ta rubuta a cikinta ƙarara cewa wani kaso na kuɗin zai tafi ga ruwan sha da abincin safe a makarantun sakandaren gwamnati, a riƙa wallafa abin da kowace jiha ta karɓa da sunayen makarantun da aka kashe shi a kansu.